Wasiƙun Damfara Masu Shigar Burtu: Sabon Haɗari Ga Asusun 'Yan Kasuwar Jalingo

JALINGO. A lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ranar 27 ga Agusta, 1991, ɗan kasuwar da zai tashi daga Jalingo zuwa sayen shanu a Iware ko doya a Zing yakan tafi ne da tsabar kuɗinsa ɗaure a jiki, kuma babbar fargabarsa ita ce haɗuwa da 'yan fashi a hanya. A halin da ake ciki yanzu, kaso mai yawa na wannan ciniki ya koma cikin wayar hannu da na'urar POS, wanda hakan ya rage ɗaukar kuɗi a aljihu, amma kuma ya buɗe wa ɓarayi wata sabuwar ƙofa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi amfani da su ita ce aika wa mutum wasiƙar imel ko saƙon waya da sunan bankinsa, ko da sunan kamfanin da yake biyan kuɗi ta hannunsa, domin su yaudare shi ya miƙa musu sirrin asusunsa da hannunsa.

Turawa sun samo sunan wannan zamba ne daga kalmarsu ta kamun kifi da fatsa, sunan kuma ya fara yaɗuwa a tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da wasu matasa a Amurka suka riƙa yin sojan gona a matsayin ma'aikatan kamfanin AOL suna karɓar kalmomin sirri daga masu hulɗa da shi. Masuntan Ibi da na Lau ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan hikimar sunan: kifi abincin yake gani, ƙugiyar kuwa sai ta shiga bakinsa yake sanin tana nan.

Yadda Kasuwa Ta Koma Waya

Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin manufar rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a watan Janairun 2012, kafin ya faɗaɗa ta zuwa sauran jihohi a 2014, shekarar da aka ƙaddamar da lambar tantance masu asusu ta BVN. A 2015 kuma, umurnin tattara kuɗaɗen Gwamnatin Tarayya a asusun bai-ɗaya ya sa sunan Remita ya shiga bakin ɗalibai da 'yan kwangila da duk mai biyan wata hukumar tarayya kuɗi. Daga baya kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint suka bazu har cikin ƙauyuka, inda rumfar mai POS ta zama ita ce bankin gari a wuraren da reshen banki mafi kusa yake da tafiyar sa'o'i.

Sai dai abin da ya tura jama'a cikin wannan tsari da ƙarfin tsiya shi ne sauya fasalin takardun Naira 200, 500 da 1,000 da Babban Bankin ya sanar a watan Oktoban 2022. Ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a watannin farko na 2023 ya tilasta wa mai kayan miya a Babbar Kasuwar Jalingo, da dillalin hatsi a Mutum Biyu, da mai shayi a bakin titin Hammaruwa, karɓar kuɗi ta waya, ko sun iya ko ba su iya ba. Alƙaluman kamfanin NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan ƙasar nan suka mallaka domin daidaita hada-hada a tsakaninsu, sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta tsarinsa na biya nan take sun tashi daga kimanin Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023.

Inda kuɗi suka koma, can ɓarawo ke binsu. Rahotannin kamfanin sun nuna cewa an yi asarar Naira biliyan 17.67 ta hanyar zamba a harkar bankuna a 2023, adadin kuma ya haura zuwa biliyan 52.26 a 2024, sannan yaudarar mai asusu ya bayar da bayanansa da kansa ita ce dabarar da macutan suka fi yawan amfani da ita. A Amurka ma, cibiyar karɓar koke-koken laifukan intanet ta hukumar FBI ta samu ƙorafi 298,878 a kan irin waɗannan saƙonni na sojan gona a 2023, fiye da na kowane laifi dabam.

Yadda Ake Ɗana Tarkon

Wasiƙar takan zo ne ɗauke da tambarin kamfani, da launinsa, da irin tsarin rubutunsa, domin kwafar waɗannan abubuwa daga shafin kamfanin na gaskiya aikin 'yan mintoci ne. Abin da ke cikinta yakan ɗauki ɗaya daga cikin fuskoki kaɗan da aka saba gani. Wata za ta ce an lura da wani motsi mai ban shakku a asusun, don haka an dakatar da shi har sai mai shi ya tabbatar da kansa. Wata za ta ce an cire wasu maƙudan kuɗi domin sayen wani kaya, idan kuwa ba shi ne ya saya ba, ya yi maza ya latsa wani wuri ya soke cinikin. Wata kuma albishir take zuwa da shi: an mayar masa da rarar kuɗi, ko sunansa ya fito a jerin masu cin gajiyar wani tallafi ko rance na gwamnati.

Ko wace fuska ta ɗauka, manufarta ɗaya ce, wato a sa mutum ya latsa mahaɗin da ke cikin saƙon. Mahaɗin zai kai shi wani shafi da aka gina kamar an tsaga kara da na kamfanin, inda za a bukaci ya rubuta sunan shigarsa, kalmar sirri, lambobin katinsa, ranar ƙarewar katin, lambobi uku na bayansa, wani lokaci har da BVN da ranar haihuwa. Duk abin da ya rubuta yana isa ga ɗan damfarar nan take. Shi kuma a daidai wannan lokaci yana can yana shigar da bayanan a shafin gaskiya, abin da zai sa bankin ya aiko wa mai asusun lambar OTP, wadda ake amfani da ita sau ɗaya tak. Da zarar shafin ƙaryar ya nemi wannan lambar an ba shi, ko wani ya bugo waya a matsayin ma'aikacin banki ya karɓe ta, an gama cinikin, kuɗin kuma sun fita.

Macutan suna bin labaran yau da kullum kamar kowa. A watan Disamban 2023 Babban Banki ya ba da umurnin cewa dole kowane ƙaramin asusu ya kasance yana haɗe da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, da gargaɗin taƙaita asusun da bai cika sharaɗin ba daga watan Maris na 2024. Umurnin gaskiya ne, kuma gaskiyar tasa ce ta sa saƙon ƙarya mai cewa a latsa a sabunta BVN ya zama abin da mutum zai yarda da shi ba tare da dogon tunani ba. Haka lamarin yake a lokacin biyan kuɗin makaranta, da lokacin ɗaukar ma'aikata, da duk lokacin da aka sanar da rabon tallafi.

Akwai kuma tarkon da aka ɗana musamman domin masu sayarwa. Ɗan kasuwar da ke tallan zuma, ganyen shayin Mambila ko atamfa a Facebook da WhatsApp zai iya samun mai saye daga nesa wanda bai tsaya neman ragi ba. Jim kaɗan sai wasiƙa ta shigo da sunan PayPal ko wani banki, tana cewa an biya kuɗin amma an riƙe su har sai an aika da kayan, ko kuma har sai an biya wani haraji. Wani lokaci wasiƙar za ta nuna an biya fiye da kuɗin kayan, mai sayen kuma ya roƙi a mayar masa da rarar. A duka biyun ko kwabo bai shiga asusun ba. Wannan ɗan uwan alat na bogi ne, wanda masu shaguna da masu POS suka daɗe suna kuka da shi, maganinsu kuma ɗaya ne: kada kaya su bar shago sai mai shi ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna.

Ba Talaka Kaɗai Ba

Kuskure ne a ɗauka cewa wanda bai yi boko ba ne kawai ke faɗa wa wannan rami. A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan injunan Caterpillar daga Ingila, ya samu wasiƙar imel mai ɗauke da mahaɗi zuwa wani shafi da ya yi kama da na Microsoft. Ya shigar da kalmar sirrinsa, macutan suka mallaki akwatin wasiƙunsa, suka riƙa aika umurnin biyan kuɗi da sunansa har aka fitar da kusan Dala miliyan 11. Binciken ya kai ga wani matashin ɗan kasuwa ɗan Nijeriya, Obinwanne Okeke, wanda aka kama a Amurka a watan Agustan 2019, wata kotun tarayya a Jihar Bajiniya kuma ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara goma a watan Fabrairun 2021.

Kafin wannan, tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya damfari kamfanonin Google da Facebook sama da Dala miliyan 100 ta hanyar aika musu takardun neman biya na jabu da sunan wani kamfanin ƙera kayan kwamfuta na Taiwan da suke hulɗa da shi. An ɗaure shi shekara biyar a watan Disamban 2019. Idan kamfanonin da suka fi kowa sanin sirrin intanet sun biya kuɗi a kan wasiƙar ƙarya, to akawun ƙaramar hukuma da ma'ajin ƙungiyar manoma sun fi cancanta su yi hattara.

Daɗin daɗawa, sana'ar ta daina bukatar ƙwarewa, domin akwai masu gina shafukan ƙaryar suna bayar da su haya. A watan Satumban 2025 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa, bisa umurnin kotu, ya ƙwace shafuka 338 na wata ƙungiya mai suna RaccoonO365, wadda ke sayar wa masu bukata kayan aikin wannan zamba, aka kuma sace bayanan shiga aƙalla 5,000 a ƙasashe 94 da su. Har ila yau, tsohuwar alamar da ake dogara da ita, wato gurɓataccen Turanci, ta yi rauni, saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wasiƙa mai tsabta cikin daƙiƙoƙi, har da harshen Hausa.

Alamomin Gane Wasiƙar Jabu

Abu na farko da ya kamata mai asusu ya duba shi ne adireshin wanda ya aiko, domin sunan da ke bayyana a saman wasiƙa kowa zai iya rubuta wanda ya ga dama. Idan aka taɓa sunan, cikakken adireshin zai fito. Banki ko kamfanin biyan kuɗi yana aiko da wasiƙa ne daga adireshinsa na kansa, saboda haka duk wasiƙar da ta zo da sunan banki alhali adireshinta ya ƙare da gmail.com ko yahoo.com, ƙarya ce. Wajibi ne kuma a karanta adireshin harafi bayan harafi. Tun a shekarar 2000 aka ga masu rubuta sunan PayPal da babban harafin I a madadin ƙaramin L na ƙarshe, abin da ido ba ya bambancewa cikin sauri. Wasu sukan sa sifili a gurbin harafin O, ko su ƙara wata kalma a jikin sunan.

Na biyu shi ne mahaɗin kansa. A kwamfuta, idan aka ɗora alamar nuni a kansa ba tare da latsawa ba, ainihin inda zai kai mutum zai bayyana a ƙasan allo; a waya kuwa sai a danne shi na ɗan lokaci. Ƙa'idar karanta adireshin shafi ita ce a duba sunan da ke daf da sandar nan mai karkata ta farko, domin shi ne sunan mai shafin. Alal misali, adireshin da ya fara da paypal.com amma ya ci gaba da ɗigo da wani suna dabam kafin sandar, na mai wancan sunan na ƙarshe ne. Shafukan hukumomin gwamnati a Nijeriya suna ƙarewa da gov.ng, na jami'o'i kuma da edu.ng. Alamar kwaɗo da ke fitowa a gefen adireshi tana nuna cewa an rufe hanyar saƙo ne kurum, kuma shafukan ɓarayi ma suna da ita.

Na uku shi ne abin da wasiƙar ke nema. Bankuna da kamfanonin biyan kuɗi sun sha nanata wa abokan hulɗarsu cewa ba sa tambayar lambar sirri ta kati, kalmar sirri ko OTP ta imel, ta saƙo ko ta waya. Wannan alama ita kaɗai ta isa hujja, ko da sauran abubuwan duk sun yi kama da gaskiya. Sanin cikakken sunan mutum, ko ranar haihuwarsa, ko wani ɓangare na lambar asusunsa ba shaida ba ce, domin irin waɗannan bayanai suna yawo a takardun neman aiki, rajistar ƙungiyoyi da shafukan sada zumunta.

Na huɗu shi ne gaggawa. Wasiƙar jabu kusan kullum tana zuwa da wa'adi: sa'o'i 24, ko kafin a tashi aiki yau, in ba haka ba a rufe asusu. An tsara wa'adin ne domin a hana mutum tsayawa ya yi shawara da wani. Hausawa kuwa sun ce sauri ya haifi nawa. Asusun da yake da matsala ta gaskiya zai jira mai shi ya isa reshen banki gobe da safe.

Na biyar shi ne takardar da aka maƙala wa wasiƙar da sunan rasit ko shaidar biya. Buɗe ta na iya dasa wa wayar ko kwamfutar wata manhaja da ke karanta saƙonni tana kwafar abin da ake rubutawa. Haka kuma lambar wayar da aka sa a cikin wasiƙa domin neman ƙarin bayani, sau da yawa ɗan damfarar ne zai ɗauka. An ma ga inda macuta suka yi amfani da tsarin aika takardar neman biya na PayPal na gaskiya, suka rubuta lambar wayarsu a ciki, ta yadda adireshin wasiƙar sahihi ne amma abin da ke cikinta tarko ne.

Matakan Rigakafi

Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta bukatar ilimin kwamfuta, ita ce mutum ya ɗabi'antu da ƙin shiga asusunsa ta cikin kowane saƙo. Idan wasiƙa ta ce akwai matsala, sai ya rufe ta, ya buɗe manhajar bankin da kansa, ko ya kira lambar da ke bayan katinsa, ko ya taka zuwa reshe. Lambar da aka samo ta hanyar bincike a intanet ko a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook ba abin dogaro ba ce, domin macuta suna buɗe shafuka da sunan sashen kula da abokan hulɗa, suna jiran masu kuka a kan kuɗin da suka maƙale.

Ya kamata kuma akwatin imel ya samu tsaro na musamman, saboda ta cikinsa ake sauya kalmomin sirrin sauran asusun. A ba shi kalmar sirrin da ba a amfani da ita a wani wuri, a kuma kunna masa tsarin tantancewa mai mataki biyu. Layin wayar da ke haɗe da banki shi ma a sa masa lambar sirri, idan kuma ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, a garzaya ofishin kamfanin sadarwa, domin mai yiwuwa wani ne ya yi masa canjin sim. Ɗan kasuwa zai rage wa kansa asara idan ya raba asusun cinikin yau da kullum da na ajiyar jari, ya kuma rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. A ofisoshi da ƙungiyoyi kuwa, duk wasiƙar da ta ce ɗan kwangila ko dillali ya sauya lambar asusunsa, a tabbatar da ita ta kiran tsohuwar lambar da aka san shi da ita kafin a biya ko sisi.

Masu POS da masu shagunan intanet, waɗanda jama'a ke miƙa wa waya da kati domin su taimaka musu, suna da babban nauyi a wuyansu. Su ne malaman farko ga dattijon da bai iya karatu ba da manomin da ya sauko daga Gembu ko Karim Lamido, kuma kalma ɗaya daga bakinsu cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirri tana iya ceton kuɗin amfanin gonar shekara guda.

Idan Ɓarna Ta Riga Ta Auku

Wanda ya gane ya faɗa tarkon, mintocin farko su ne mafi tsada a gare shi, domin macuta kan rarraba kuɗin zuwa asusu da dama cikin hanzari. Bankuna sun tanadi gajerun lambobi na toshe asusu ko kati, waɗanda akasari za a iya bugawa ko da wayar wani ce, kuma ya dace kowa ya nemi ta bankinsa ya haddace tun kafin ranar bukata. Bayan toshewa, sai a sanar da bankin a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi, domin ya nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe su. Sannan a sauya kalmomin sirri, a kuma adana wasiƙar da saƙonnin cire kuɗin a matsayin shaida. Idan bankin bai warware ƙorafin cikin wa'adin da aka ɗibar masa ba, wanda a mafi yawan lokuta mako biyu ne, mai asusu yana da damar kai kuka Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, wanda yake da reshe a Jalingo. Haka nan ana kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Doka ta tanadi hukunci. Sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin shekara uku, ko tarar Naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga wanda aka samu da laifin aika irin waɗannan saƙonni na yaudara, ban da hukuncin da ke cikin dokar hana zamba ta 2006. Matasan da ke bayar da aron asusunsu ana wucewa da kuɗi ta ciki a kan ɗan kamasho su sani cewa sunansu da BVN ɗinsu ne za su fara fitowa idan aka bi sawun kuɗin.

Babban abin da ke taimakon macutan shi ne kunya, domin da yawa daga cikin waɗanda aka cuta sukan yi shiru gudun kada a yi musu dariya a kasuwa, har wasiƙar da ta cinye jarin wani ta isa ga maƙwabcinsa washegari. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, limamai da shugabannin coci, da gidajen rediyon jihar da ke watsa shirye-shirye cikin Hausa, Fulfulde, Mumuye da Jukun, suna da hanyar isar da wannan gargaɗi inda takardar banki ba ta kaiwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.